Kin je karatun nas an haɗa ki da falsafa da addini: ga yadda ake bi da su

Wasu iyaye mata biyu ne suka tare ni a gidan biki a Rikkos da tambaya iri ɗaya, wai me ya sa yarinya za ta je karatun nas a haɗa ta da falsafa da addini, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya huta. 'Yar yayata ta samu sikolashif a wata kwalejin mata zalla ta 'yan Katolika a Amurka, ta tafi da niyyar karatun nas, sati biyu da fara lakca sai ga kira a WhatsApp wajen ƙarfe biyun dare, ana ta tsuga ruwan nan na ƙarshen damina ni kuma na ƙudundune cikin bargo. Muryarta na rawa ta ce "Anti wallahi ban gane ba, ni fa nas na zo yi, amma cikin kos biyar biyu ne kawai na kimiyya, sauran falsafa ne da addini da wani na koyon rubutu sai ka ce 'yar firamare." Da safe da na gaya wa Yaya, abin da ta kama ɗaya ne tak. "Addini kuma? Addinin wa?"

Na ce ma yarinyar kar ta canja komai, kar ta je ofishin kowa tana kuka, ta turo min takardar tsarin karatun makarantar tukuna. Ni malamar sakandare ce a nan Jos, na kuma yi nawa GST ɗin, wato kwasa-kwasan gama-gari da ake sa kowa ya yi a jami'a, a zamanina, so na ɗauka na san abin. Da na karanta sai na ga da bambanci, kuma ashe komai a rubuce yake, mu ne ba ma karantawa.

Abu na farko ke nan, ki nemo takardar. Kowace irin wannan kwalejin tana da shafin da ta jera abin da take so ɗaliba ta iya kafin ta fita, ko wane fanni ta karanta. Ki shiga shafin makarantar na intanet ki rubuta general education ko core curriculum, wato karatun da kowa ke yi ko wane fanni yake, zai fito. Ki buga shi a takarda, kar ki bar shi a waya, waya shaiɗan ce, kina karantawa saƙo zai shigo. Ki ɗauki biro ki ja layi a ƙarƙashin kalmar aiki ta kowace jimla, don za ki ga duk da aiki ake rubuta su: ɗaliba za ta iya bayyana kaza, za ta iya kwatanta kaza da kaza, za ta iya kare ra'ayinta da hujja. Wannan kalmar ita ce makin. In an ce kwatanta ke kuma kika haddace kika zuba musu ma'ana, kin yi wahalar banza ko da kin cika shafi goma.

Sai ki sake rubuta kowace ɗaya da Hausarki a littafi. Da gaske nake. Tawa yarinyar ta ga wata doguwar jimla kan auna hujja da gane son zuciyar marubuci, ta juya ta ta koma "in gane ko mai maganar nan ƙarya yake ko gaskiya, kuma me zai ci in na yarda." Shi ke nan, daga ranar ta daina jin tsoron ajin falsafa.

Asalin abin tsoho ne sosai. Mutanen Turai na da can suna da fannoni bakwai da suke ganin duk ɗa, wanda ba bawa ba, ya kamata ya sani, daga nan ma sunan liberal arts ya samo asali. Ukun farko su ne nahawu, manɗiƙi da balaga. Duk wadda mahaifinta ko kakanta ya yi karatun zaure ta taɓa jin sunayen nan a gida, ba baƙi ba ne. Huɗun baya kuma lissafi, ilimin awon siffofi, kiɗa da ilimin taurari. Da na karanta wa Baffanmu wannan, wanda shi ne ya fi kowa adawa da tafiyar, shiru ya yi ya ce to ai malamin da bai yi nahawu ba ba a ba shi tafsiri. Tun daga nan bai ƙara cewa ɓata lokaci ba ne.

Kowace makaranta da yadda take jera nata. Saint Mary's da ke jihar Indiana, wadda sistocin Holy Cross suka kafa a 1844, ta sa wa tsarinta suna Sophia, wato hikima da harshen Girka, ta kasa manufofin gida uku: samun ilimi daga fannoni daban-daban da iya haɗa su wuri guda, ƙwarewa a tunani da isar da magana, sai kuma iya zama da mutanen wata al'ada da ɗaukar nauyin al'umma. St. Catherine da ke St. Paul a Minnesota, ta 1905, tana da kos na shekarar farko mai suna The Reflective Woman, mace mai zurfin tunani ke nan, da wani na dab da fita kan neman adalci a duniya. Amma wadda ta fi burge ni ita ce Alverno a Milwaukee. Tun 1973 suka ce su abu takwas suke so mace ta iya: isar da magana, tsefe abu a gane shi, warware matsala, sanin abin da take darajawa in za ta yanke shawara, hulɗa da mutane, kallon abu da idon duniya baki ɗaya, zama 'yar ƙasa mai amfani, da iya jin daɗin fasaha da fahimtarta. Kuma ba sa ba da A da B da C, malama ce take rubuta miki bayani kan inda kika iya da inda kika gaza. Ni kam in aka kawo wannan makarantarmu iyaye sai sun cire mana rufin ofis, kowa so yake ya ji ɗansa na nawa ya zo.

To yanzu lissafi, don a nan ne mutane ke faɗawa rami. Digirin farko a can wajen kiredit 120 ne a shekara huɗu (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kowane kos), kusan 15 kowace semesta, kuma waɗannan kwasa-kwasan na kowa da kowa sukan ci kamar kashi ɗaya cikin uku. Mai bizar karatu ba ta da ikon sauka ƙasa da kiredit 12 a semesta sai da izinin ofishin ɗaliban waje, saboda haka kar ranki ya ɓaci da wani kos ki je ki ajiye shi kai tsaye, kina iya taɓa bizarki ba ki sani ba. Ki fara zuwa ofishin nan ki tambaya.

Za a ba ki malama mai ba da shawara, adibaiza. Kar ki je wajenta hannu rabbana. Ki zana tebur mai gida takwas, semesta takwas ke nan, ki fara cika kwasa-kwasan fanninki waɗanda dole sai an bi su a jere, kamar kemistiri na ɗaya kafin na biyu, don su ba sa motsi. Guraben da suka rage ne za ki zuba na gama-garin, ɗaya ko biyu kowace semesta. Masu karatun nas su lura sosai, shekaru biyun ƙarshe asibiti ne ke cinye su, ranar da kike tsaye a wad tun asuba ba za ki so a ce akwai rubutun tarihi shafi takwas yana jiranki ba, gara ki rage su da wuri. Sannan ki tambayi adibaiza wane kos ne yake biyan buƙata biyu a lokaci guda, don akwai su, kos ɗaya na adabi zai iya cike miki gurbin adabi da na nazarin mata gaba ɗaya, jifa ɗaya tsuntsu biyu. Ba lalle su gaya miki ba in ba ki tambaya ba. Haka ma maganar harshe, da yawansu suna buƙatar harshe na biyu, ki faɗa musu kina jin Hausa, in kina da Larabci ko Faransanci ki faɗa, ki tambaya ko akwai gwajin da zai ɗauke miki wannan nauyin.

Rubutu kuwa shi ne inda ake kuka na gaske, bari in daɗe a nan. Mu an raine mu da handawut. Malam ya ba da, ka haddace, ka mayar masa da kayansa yadda ya ba ka, ya ba ka maki. Asaimen ɗin farko da 'yar yayata ta yi, shafi uku kan wani labari da suka karanta, ta zauna ta ba da labarin tun daga farko har ƙarshe tsaf da Turancinta mai kyau, aka dawo mata da shi da jimla ɗaya a ƙasa: na san abin da ya faru a labarin, ke me kike cewa? Ta turo min hoton tana cewa matar nan ba ta sonta. Na ce a'a, koma littafinki ki duba me aka ce za ki iya. An ce kare ra'ayi da hujja. Ina ra'ayin?

Ga yadda muka gyara, kuma haka za ki yi wa kowane rubutu. Kafin ki rubuta komai ki faɗi abin da kike son cewa a jimla ɗaya da baki, da Hausa ma, kamar kina gardama da ƙawarki a keke daga Terminus zuwa Farin Gada. In jimlar ba ta da abin da wani zai ce ban yarda ba, to ba ra'ayi ba ce, labari ne. "Matar cikin labarin ta sha wahala" ba wanda zai musa. "Shirun da matar ta yi shi ne ya ceci 'ya'yanta, ba tsoro ba ne" to yanzu kin ɗauko magana, sai ki kawo wurare uku a cikin labarin da suka nuna hakan, ki kuma kawo abin da mai musu zai ce ki amsa masa. Wannan na ƙarshen shi ne wanda yaranmu ke tsallakewa don suna ganin kamar kai ƙarar kai ne, alhali shi ne yake nuna kin yi tunani. Ki gama daftarin farko kwana uku kafin ranar miƙawa ki kai cibiyar taimakon rubutu, kusan duk kwalejojin nan suna da ita kuma kyauta ce, ɗalibai 'yan uwanki ne ke zama su karanta da ke. Ba za su rubuta miki ba, tambayoyi za su yi ta yi miki har ki ji haushi, amma ki je.

Kuma don girman Allah kar ki kwafi. Jimla ɗaya kika ɗauko daga intanet ko littafi, ki sa ta cikin alamar zance ki faɗi mai ita. Abin da muke ɗauka taimakon juna ne, in bai wa ƙawata nawa ta canja suna, a can laifi ne da zai iya cin kos ɗin gaba ɗaya, wani lokaci har sikolashif. Su ChatGPT ma kowace malama da dokarta, tana cikin silabas, wato takardar tsarin kos ɗin, ki karanta tun ranar farko.

Magana a aji ita ma maki gare ta, ki duba silabas za ki ga kason da aka ware mata. Ajin bai da yawa, nata na falsafa ba su kai ashirin ba, a zagaye ake zama, babu bayan da za ki ɓuya. Kunyar da aka koya mana, sunkuyar da kai gaban babba, a can sai a ɗauka ba ki yi karatun ba. Ba na cewa ki zubar da tarbiyyarki. Dabara ce kawai: daren lakca ki rubuta tambaya ɗaya daga abin da aka ce a karanta, ki yi ta cikin minti goman farko kafin gabanki ya fara faɗuwa, kin fita. Mako uku haka bakin zai buɗe da kansa. Malamai kuma suna da sa'o'in da suke zama a ofis don ɗalibai kawai, ki leƙa ko sau biyu a semesta, su ne za su rubuta miki takardar shaida gobe.

Sai tambayar Yaya, addinin wa. Gaskiya makarantar Katolika ce, akwai coci a ciki, akwai gicciye a bangon aji, akwai sistoci, kar a yi wa iyaye ƙarya a kan wannan. Kuma yawanci dole ki yi kos ɗaya ko biyu na addini. Amma ajin nazari ne, ana tambayar yadda aka rubuta nassi, a wane zamani, mabiya suka fahimce shi yaya, kuma ana ba da maki ne kan yadda kika fahimta kika bayyana, ba a tambayarki ko kin yi imani. Zuwa Mas, wato ibadar cocin Katolika, ba dole ba ne a inda tawa take. Sau da yawa akwai zaɓi, kos kan Littafi Mai Tsarki, ko kan addinan duniya, ko kan ɗa'a, ki karanta bayanin kowanne ki zaɓa da idonki a buɗe. Yarinya Musulma ta je ofishin kula da harkokin ibada tun makon farko ta tambayi ɗakin salla da yadda za a yi da abincin sahur da buɗa baki in azumi ya zo, kar ta bari sai an ga wata. Cocin Katolika da kanta, a wata takarda ta babban taron Vatican na biyu a 1965, ta rubuta cewa tana kallon Musulmi da girmamawa, so ba alfarma kike roƙo ba. 'Yar ECWA ko COCIN ma ta shirya, don za ta ji abubuwan da suka bambanta da na cocinsu, ita ma baƙuwa ce a wajen ta wata fuskar.

Wani abin da ya ba ni dariya, a ajin falsafa suna karanta Thomas Aquinas, babban malamin Katolika da ya rasu a 1274, sai ga sunan Ibn Sina da Ibn Rushd a cikin maganarsa, yana kafa hujja da su yana kuma musu da su. Yarinyar ta ce ita kaɗai ce a ajin ta iya faɗin sunayen daidai. Rubutun da ta yi a kan wannan shi ne na farko da aka yaba mata.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin ya fi komai amfani: kayan da kika taho da su daga gida jari ne, ki kashe su. An ce ana so ki iya zama da mutanen wata al'ada da wani addini? Ke 'yar Jos ce. Kin tashi kin tarar da labarin rikicin Satumban 2001, kin san yadda unguwanni suka rabu bayan 2008 da 2010, kin kuma san mai tumatir ɗin da mamanki ba ta canja ba shekara ashirin duk da ba addininsu ɗaya ba. Abin da wasu ke karantawa a littafi ke a ciki kika girma. An ce a yi nazarin muryoyin mata a tarihi? Ga Nana Asma'u, 1793 zuwa 1864, da ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'yan taru tana tura jajis, wato malamai mata da ta horar, ƙauyuka su koyar da mata. An zo kan koyarwar Katolika game da adalci, mutuncin ɗan Adam da haƙƙin talaka, wadda ake yawan farawa da wasiƙar Fafaroma Leo na 13 ta 1891 kan haƙƙin ma'aikata? Ki kawo kududdufan da haƙar kuza ta bari a Filato, ki tambaya wa ya ci riba wa aka bar wa ramin. Sai dai ki kiyaye abu ɗaya, labarin gida shi kaɗai bai isa ba, dole ki ɗaura shi da abin da aka karanta a aji, in ba haka ba hira kika yi. Kuma ba dole ba ne ki zama kakakin Afirka duk lokacin da aka juyo aka kalle ki, kina iya cewa ni Jos na sani.

Aikin taimakon al'umma, in yana cikin tsarin, ki zaɓi wanda ya kusanci fanninki, mai nas ta nemi gidan tsofaffi ko asibitin marasa galihu, ta rubuta awanninta a ranar.

Ki buɗe folda ɗaya a kwamfuta da kwafi a Google Drive, duk rubutun da aka dawo miki da shi da gyaran malama ki jefa ciki, ki sa masa sunan manufar da ya shafa. Wasu makarantun za su nemi wannan tarin kafin ki fita, ko ba su nema ba ranar da za ki rubuta takardar neman aiki ko digiri na biyu a nan za ki tsinci misalai.

Waɗanda ba su fita waje ba kuma kar su ce wannan ba nasu ba ne. GST ɗinmu jikan wannan tsarin ne, Jami'ar Nsukka ce ta fara shi a farkon shekarun 1960 da hannun Jami'ar Jihar Michigan, kuma a sabon tsarin da NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta fitar a 2022 har yanzu akwai Turancin sadarwa, al'ummomin Najeriya da al'adunsu, falsafa da manɗiƙi, da zaman lafiya da sasanta rikici, kowanne da jerin abin da ake so ɗalibi ya iya. Ko kina Jami'ar Jos a Naraguta ko kina Jami'ar Veritas a Bwari, ki nemi jerin nan ki ja layi kamar yadda na ce. A inda na yi nawa karatun mun fi ɗari biyar a zaure ɗaya, lasifika na ƙara, na baya suna cin gyaɗa, ba mai karanta rubutunka balle ya tambaye ka me kake cewa. In haka naki yake, ku haɗu ku huɗu ko biyar, kowace ta rubuta shafi ɗaya a mako kan abin da aka koyar, ku yi musanya, kowace ta rubuta wa 'yar uwarta tambaya ɗaya mai zafi a ƙasa.

Jiya ma yarinyar ta sake kira, wannan karon da rana tsaka. Kos ɗin adabi take yi, an ce kowa ta kawo labarin baka daga gidansu ta yi nazarinsa, tana so in je Gangare in naɗo mata muryar Hajiya tana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Ta ce in fara naɗar inda Hajiya ta yarda a yi amfani da muryarta, don malamar ba za ta karɓa ba sai da wannan, in kuma rubuta kwanan wata da wurin. Hajiya ta ce ita ba ta tatsuniya da rana, in zo bayan isha'i, in taho mata da goro fari.